Kwamfutar shagona ta daina fitar da sauti tun da na sauya mata allo

Mai Shago a Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yan uwa ma'abota wannan zaure, na zo da wata matsala da ta kusa mako biyu tana cin raina, kuma ina fatan a cikinku za a samu wanda ya taɓa cin karo da irinta.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Agege, ba nisa da titin jirgin ƙasa, kuma kwamfutar tebur guda ɗaya ita ce jarin shagon. Tokumbo ce, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, na saye ta shekara huɗu da suka wuce, tana aiki da Windows 10. Ban da buga wasiƙu da takardun makaranta, akwai wani malami a unguwarmu da yake ba ni karatuttukansa da aka ɗauka a masallaci domin in saurara in mayar da su rubutu, sannan wasu matasa sukan zo su yi hirar neman aiki ta Zoom a shagon, saboda gidajen hayar da suke zaune ba su da natsuwa. Ke nan rabin abincina a kan sautin wannan na'ura yake rataye.

Tsohon allon kwamfutar ya mutu a wani dare da aka yi ta ɗauke wuta ana dawo da ita. Irin mai kebul ɗin nan ne mai shuɗin kai, wanda ake murɗa masa kusoshi biyu. Na je Ikeja na sayo sabon allo, mai sayarwa ya haɗa mini da kebul na HDMI, ya ce ya fi na da fitar da hoto, kuma gaskiyarsa ce, domin rubutu ya fito tangaram. Amma tun daga ranar ban sake jin ko tari daga lasifikokin ba. Fitilarsu tana kamawa, kuma idan na zare wayarsu daga bayan kwamfuta na taɓa bakin ƙarfen da yatsa, sai su yi wani irin gunji mai ƙarfi. Idan na kunna karatu, ina ganin lokaci yana tafiya, ina kuma ganin ɗan koren layin nan yana hawa yana sauka a wurin ƙara murya, alamar cewa ita kwamfutar a nata ganin tana magana. Na ari abin sa wa a kunne mai haɗe da makirfo daga wurin ƙanena, irin wanda ake sa wa wayar hannu, na soka shi a ramin gaba, nan ma shiru.

Na kira wani mai gyara, ya duba na ɗan lokaci, ya ce wutar da ta kashe allon ita ce ta ƙona sashen sauti, don haka ko dai a yi wa kwamfutar fomat, wato a goge komai a sake saka Windows, a gani, ko kuma a sauya madabod gaba ɗaya, wato babban farantin cikinta da duk sassa ke manne a kai. Kuɗin da ya yanka mini ya kusa rabin abin da na sayi kwamfutar, kuma fomat ɗin yana ba ni tsoro saboda aikin mutane na shekaru yana ciki. Tambayata ita ce, shin akwai hanyar da zan tabbatar da kaina cewa sashen sautin ya ƙone kafin in fitar da kuɗi? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malama daga Idi-Araba ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a yi fomat tukuna. Abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai da abin da ya same mu a ofishin makarantar da nake koyarwa, lokacin da aka sauya mana allo, har muka yi kwana uku muna zargin yara da taɓa wayoyi.

Tsohon kebul ɗinka mai shuɗin kai shi ake kira VGA, kuma hoto kaɗai yake ɗauka. Shi kuwa HDMI hoto da sauti yake ɗauka a tare, shi ya sa idan aka haɗa dikoda da talabijin da shi ba a buƙatar wata waya ta daban. Da zarar ka soka shi, Windows takan ɗauki sabon allon a matsayin wata lasifika, kuma sau da yawa sai ta mayar da duk sauti can ba tare da ta tambaye ka ba. Idan allon ba shi da lasifika a jikinsa, wanda haka yawancin allunan ofis suke, sautin yana zuwa ne inda babu mai furta shi. Koren layin da kake gani yana motsi shaida ce cewa sauti yana fita, sai dai ta wata ƙofa.

Ka danna alamar lasifika da ke kusa da agogo a ƙasan allo. A saman layin ƙara murya za ka ga suna, kuma ina kyautata zaton sunan sabon allonka za ka gani. Ka danna sunan, jerin na'urori zai buɗe, sai ka zaɓi wadda aka rubuta Speakers. Idan hakan bai samu ba, ka danne maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta mmsys.cpl ka danna Enter. A shafin farko ka danna Speakers da gefen dama na linzami, ka zaɓi Set as Default Device, sannan ka sake dannawa ka zaɓi Test. Idan ba ka ga Speakers a jerin ba, ka danna fili da gefen dama ka zaɓi Show Disabled Devices, domin wani lokaci ɓoye ta aka yi. Ni a tamu har kashe ta allon na yi daga wannan wurin, saboda duk sanda aka zare kebul aka mayar sai ta sake ƙwace sautin. Ka rage muryar lasifikokin kafin ka gwada, kada su firgita maka kwastomomi.

Injiniyan Otigba ya rubuta:

Malam, abin da Malama ta faɗa shi ne abin da ni ma zan fara dubawa da ka kawo mini ita shago, kuma mai yiwuwa a nan maganar za ta ƙare. Amma tunda an riga an tsorata ka da batun ƙonewa, bari in nuna maka yadda ake tabbatar da shi, domin ba abu ne da ake ganewa da kallon akwati ba.

Sauti kafin ya iso kunnenka zango-zango yake bi. Yana tasowa daga manhajar da ka kunna karatu da ita, ya shiga hannun Windows, ita kuma ta miƙa shi ga direba, wato 'yar manhajar da ke yi mata tafinta da ƙarfe. Daga nan ya isa wata 'yar ƙwaya baƙa da ke manne a kan madabod, wadda mu a kasuwa muke kira ayisin sauti, ita ce ke mayar da lambobi su zama siginar lantarki, sannan ya fita ta rami ya bi waya zuwa lasifika. Aikin mai gyara shi ne ya gano zangon da sautin ya maƙale, kuma kai da kanka ka riga ka wanke wasu ba tare da ka sani ba. Gunjin da ka ji da ka taɓa bakin filogi ya nuna cewa lasifikokin da wayarsu lafiya lau suke. Koren layin ya nuna cewa manhajar da Windows suna aikinsu. Saura tsakiya.

Domin duba tsakiyar, ka danne maɓallin Windows da harafin X ka zaɓi Device Manager, ka buɗe layin da aka rubuta Sound, video and game controllers. A kwamfuta irin taka ya kamata ka ga abu biyu. Ɗaya na sashen hoto ne, mai ɗauke da sunan Intel ko AMD ko NVIDIA, kuma shi ne ke tura sauti ta HDMI. Ɗayan shi ne na ramukan lasifika, wanda galibi sunan Realtek yake ɗauke da shi, ko kuma a rubuta High Definition Audio Device kawai. Idan na biyun yana nan babu wata alama a kansa, ayisin tana raye tana amsa kira, kuma ayisin da wuta ta gasa ba kasafai take amsawa ba. Idan ka ga alwatika ruwan ɗorawa a kansa, ka buɗe shi ka karanta lambar da ya bayar. Lamba 28 tana nufin babu direba sam, lamba 10 kuma tana nufin na'urar ta kasa tashi, kuma dukkansu an fi magance su da sake saka direba. Akwai kuma lokacin da za ka ga jan kuros a kan alamar lasifika alhali komai yana nan. A irin wannan sai a rubuta services.msc a wurin da Malama ta nuna, a duba ko Windows Audio da Windows Audio Endpoint Builder suna gudana, a tayar da su idan sun tsaya.

Idan kuwa na biyun babu shi gaba ɗaya, har yanzu ba a yanke hukunci ba. Sai an shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, lokacin da kwamfuta ke tashi, an duba ko ba a kashe sautin madabod daga can ba, abin da mukan gani a kan kwamfutocin tokumbo da suka fito daga ofisoshin Turai. Gwajin ƙarshe, wanda ni na fi yarda da shi, shi ne a saka Ubuntu, wata babbar manhaja da ke iya maye gurbin Windows, a kan filashi a tayar da kwamfutar daga kai ba tare da an taɓa faifanka ba. Idan sauti ya fito a can, ƙarfe lafiya yake, laifin yana cikin Windows. Wannan gwajin yana ba da amsar da ake nema da fomat, kuma ko takarda ɗaya ba ta ɓata.

To ko da ta tabbata ayisin ta ƙone, ban ga dalilin sauya madabod ba. Akwai ɗan katin sauti na USB, girmansa bai wuce filashi ba, mai rami biyu, kore da ruwan hoda. Ana samunsa a kowane lungu na Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, da kasuwar Alaba, Windows tana gane shi da kanta ba tare da an saka komai ba, kuma kuɗinsa bai kai na motar zuwa da dawowa daga wasu unguwannin Legas ba. Ga aikin sauraron karatu da hirar Zoom ya wadatar.

Abu ɗaya kuma da yake ba mu dariya a shago amma yana faruwa kullum: lokacin da aka sunkuya ana sauya kebul a bayan akwati cikin duhu, akan zare wayar lasifika a mayar da ita ramin da ba nata ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka tsayar da launukan. Kore na lasifika ne, ruwan hoda na makirfo, shuɗi kuma na shigar da sauti ne daga wata na'ura. Ka haska fitilar waya ka tabbatar. Sannan ko ba don wannan matsala ba, ka kwafe aikin mutanen nan a wani faifan na waje, domin faifan tokumbo ba ya sallama idan zai tafi.

Ɗalibi a Yaba ya rubuta:

Gaisuwa ga manya. Baba, ni a nawa ɗan sanin ina zargin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod. Idan ya mutu, BIOS yana manta duk yadda aka saita shi, kuma tunda kwamfutar ta daɗe, mai yiwuwa ɗauke wutar da aka yi a daren ya sa saitin sauti ya goge. Ina ba da shawarar a sauya shi. Sannan akwai manhajoji na kyauta da suke duba kwamfuta su sabunta dukkan direbobi a lokaci ɗaya, ni da su nake amfani, kuma za su rage maka wahalar bin matakan nan ɗaya bayan ɗaya.

Injiniyan Otigba ya rubuta:

Ƙanena, ka yi tunani mai kyau, amma ban bi ka a kan duka biyun ba. Batirin da kake nufi shi ne CR2032 mai bolt 3, kuma alamar mutuwarsa a fili take: duk sanda aka zare kwamfuta daga wuta, agogo da kwanan wata sai su koma baya, har shafukan intanet su riƙa ƙin buɗewa. Idan hakan ta faru BIOS yana komawa ne ga saitin da ya fito da shi daga masana'anta, kuma a wannan saitin sautin madabod a kunne yake a kusan duk kwamfutar da ta bi ta hannuna. Malam ya duba agogonsa, idan daidai yake ya bar batirin ya huta.

Batun manhajojin sabunta direba kuwa, ina roƙonka kada ka saba da su. Mutumin da ke da matsala ɗaya idan ya sauya direbobi ashirin a lokaci guda, ko ya warke bai san abin da ya warkar da shi ba, idan kuma wani abu ya ƙara lalacewa bai san wanda zai kama ba. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da tallace-tallace da tarkacen da ba a nema ba. Direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ake ɗauko shi, da lambar samfurin da ke manne a jikin akwati. Idan sabon direba ne ya kawo matsala, a cikin Device Manager akwai maɓallin Roll Back Driver da ke mayar da na baya.

Mai Shago a Agege ya rubuta:

Alhamdu lillahi. Malama, Allah ya yi wa zuri'arki albarka. Na danna alamar lasifikar kamar yadda kika ce, sai ga sunan sabon allon zaune a wurin. Ina zaɓar Speakers muryar malam ta cika shago, har mai sayar da katin waya da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo. Abin da aka so in biya kuɗi mai yawa a kansa bai ɗauke ni minti biyu ba. Injiniya, na bi bayaninka duk da haka domin in koya: na ga abubuwa biyun da ka ambata, babu alwatika a kan ko ɗaya, kuma agogona daidai yake. Na kuma sayi faifan waje jiya na fara kwafe aiki.

Sai dai da sauti ya dawo, wasu abubuwa biyu sun fito fili. Na farko, wani yaro ya zo hirar Zoom da abin kunnen ƙanena, yana jin mutanen can sarai amma su ba sa jin sa, dole ya ƙarasa hirar da wayarsa. Gaban kwamfutar rami biyu ne, ɗaya da hoton abin kunne, ɗaya da hoton makirfo, shi kuwa abin kunnen baki ɗaya gare shi mai zobba baƙaƙe guda uku. Na gwada shi a ramin makirfo, nan ma ba a ji ba.

Na biyu tsohuwar matsala ce da na saba da ita har na daina lissafa ta. Akwai wani gunji mai kauri da ke fita daga lasifikokin ko da ba a kunna komai ba. Da wutar gari yana nan kaɗan-kaɗan, amma idan na tayar da janareta sai ya ƙaru, kuma na lura idan injin hoton takardu ya fara aiki muryar gunjin takan sauka ta sake hawa. Ban sani ba ko yana da alaƙa, amma idan na taɓa ƙarfen bayan kwamfutar ba takalmi a ƙafata, nakan ji yana ɗan tsikara ta. Yanzu da nake sauraron karatu na awanni, gunjin yana sa mini ciwon kai.

Dattijo a Obalende ya rubuta:

Ɗana, na daɗe ina karanta wannan zaure ban ce komai ba, domin harkar Windows ta yara ce, amma wannan tambaya taka ta biyu ta shigo gonata. Na yi shekaru masu yawa ina haɗa lasifikokin masallatai da na wuraren taro, kuma wannan gunji tsohon abokin faɗana ne.

Wutar da muke amfani da ita a Najeriya tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma gunjin da kake ji muryar wutar ce kanta ta samu hanya ta shiga wayar sauti. Ƙaramin janareta irin na shaguna sai injinsa ya juya sau 3000 a minti kafin ya ba da wannan 50 ɗin. Idan injin hoton takardu ya ja wuta da ƙarfi, janaretan yakan ɗan nauyaya kafin ya farfaɗo, shi ya sa ka ji muryar gunjin ta sauka ta sake hawa. Wannan lura da ka yi ta isa shaida cewa daga wuta abin yake, babu ruwan direba a ciki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsikarar da kake ji a jikin ƙarfe. A cikin akwatin wutar kowace kwamfuta akwai wasu ƙananan sassa da ake kira kafasito, waɗanda aikinsu shi ne su kwashe dattin wuta su zubar ta wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Ita ce ke haɗe da dogon ƙarfen sama a filogi mai ƙafa uku. Idan wannan waya ba ta kai ƙasa ba, 'yar wutar sai ta tsaya a jikin akwatin tana neman mafita. Ta samu yatsanka ta bi, ta samu wayar lasifika ta bi. Ita kanta ba ta da ƙarfin illata mutum, amma tana gaya maka cewa ranar da wani abu ya lalace da gaske a cikin akwatin wutar, babu abin da zai kare mai taɓawa, kuma shagonka yara suna shiga.

Ka yi gwaji uku, kowanne shi kaɗai. Ka zare wayar lasifika daga kwamfuta ka soka ta a wayar hannu da ba ta kan caji, ka kunna karatu. Idan gunjin yana nan, laifin yana cikin lasifikar, galibi kafasiton da ke tace mata wuta ne ya tsufa, kuma duk mai gyaran rediyo zai sauya shi. Idan ya ɓace, daga kwamfuta yake zuwa. Sai ka haɗa kwamfutar da allon da lasifikar a kan soket ɗaya, domin idan suna shan wuta daga wurare daban-daban wayar sauti ce ke zama gadar da ke tsakaninsu. Na uku, ka zare doguwar wayar soket ɗinka daga bango gaba ɗaya, ka kwance ta ka ƙirga wayoyin ciki. Da yawa daga cikin masu arha da ake tallarsu a cunkoson motoci ramukansu uku ne a waje, amma waya biyu ce a ciki.

Idan ginin kansa ba shi da at, wanda ba abin mamaki ba ne a tsofaffin shaguna, aikin mai wayarin ne ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya haɗa, ya kuma haɗa jikin janaretan. Kada ka yi da kanka. Za ka kuma samu wanda zai ce maka ka karya dogon ƙarfen filogi gunji zai tafi. A wasu wuraren yakan tafi ɗin, amma mutum ya sayar da kariyarsa ke nan, don haka kada ka saurare shi.

Ƙarin abu ɗaya saboda garin da muke. Iskar Legas tana da laima da gishiri, musamman da damina, kuma ramukan sauti suna yin tsatsa daga ciki. Idan ka ji ƙaras-ƙaras lokacin da ka juya filogi, ko kunne ɗaya yana ɗaukewa, ka kashe kwamfuta, ka goge bakin filogin da sifirit, ka soka ka zare sau da yawa, ka bari ya bushe. Ramin baya ya fi na gaba tsabtar murya, domin na gaba ta wata siririyar waya yake ratsa cikin akwati yana kwasar hayaniya a hanya.

Injiniyan Otigba ya rubuta:

Baba ya gama magana a kan gunji, ba ni da abin ƙarawa. Batun makirfo kuwa, amsar tana cikin zobban da ka ƙirga. Filogi mai zobba biyu kashi uku ne: kunnen hagu, kunnen dama da waya ta gama-gari. Mai zobba uku kashi huɗu ne, na huɗun shi ne na makirfo, kuma an yi shi ne domin wayar hannu da laftof masu rami ɗaya. Ramukan gaban kwamfutarka kowanne kashi uku yake karantawa, saboda haka babu wanda ke taɓa kashin makirfo a inda ya dace. Ka nemi 'yar waya mai rabawa, wadda ke da rami ɗaya a gefe guda da filogi biyu a ɗaya gefen, kore da ruwan hoda. Ka duba da kyau kafin ka biya, domin akwai kishiyarta mai filogi ɗaya da rami biyu, kuma masu sayarwa suna yawan musanya su.

Bayan ka haɗa, ka shiga Settings, sai Privacy, sai Microphone, ka tabbatar an bar manhajoji su yi amfani da makirfo, domin Windows 10 tana da wannan ƙofar, kuma idan a rufe take ko makirfo mai tsada ba zai yi aiki ba. Zoom ma yana da nasa wurin zaɓen lasifika da makirfo, kuma zai yiwu har yanzu sunan allon nan ne a ciki. Idan murya ta yi ƙasa, a shafin Recording na mmsys.cpl za ka iya ƙara mata ƙarfi, amma kada ka kai Microphone Boost ƙarshe, saboda yana ɗaga shuuu ɗin bayan murya tare da ita. Tunda kuma Windows 10 kake amfani da ita, ka sani cewa tallafinta na yau da kullum ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wannan bai shafi sautinka ba, amma kwamfutar da mutane ke shiga imel ɗinsu a kanta tana buƙatar a zauna a yi wannan lissafin wata rana.

Mai Shago a Agege ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na samo wayar mai rabawa, a karon farko kishiyar aka ba ni kamar yadda Injiniya ya yi gargaɗi, sai da na koma aka musanya. Yanzu makirfo yana aiki, kuma a cikin Zoom ɗin ma sunan allon na tarar, na gyara.

Baba, na yi gwajinka. Da wayar hannu lasifikokin tsit suke, babu gunji ko kaɗan. Na kwance doguwar wayar soket, waya biyu na tarar a ciki, ramin at ɗin babu abin da ke haɗe da shi. Na sayi wata mai waya uku na haɗa komai a kanta. Da wutar gari gunjin ya tafi, tsikarar ma ta daina, amma da janareta har yanzu ana jin sa, ko da yake bai kai na da ba. Na yi magana da mai wayarin zai zo ranar Asabar ya duba haɗin janaretan, kuma kafin nan da wutar gari kaɗai nake zama sauraron karatun malam.